Karen Nan Na Wane Ne?

Ranar wata Talata da hantsi muna ɗakin malamai a Kankiya aka shigo da wani ɗalibinmu ɗan Kusada, wandonsa a yage, jini na zuba a ƙwaurinsa. Wata karya mai shayarwa ce ta fito daga bayan juji ta kafa masa haƙora. Muka wanke ciwon da sabulu da ruwa har minti 15, muka garzaya da shi asibiti. Nan ma'aikacin lafiya ya yi mana tambayar da ta ɗaure mana kai: karyar ta wace ce, kuma an taɓa yi mata rigakafi?

Muka koma unguwar muka bi gida-gida. Mai shayi ya ce yakan jefa mata burodi, amma ba tasa ba ce. Wani mafarauci ya ce uwarta ce tasa. Kowa ya san ta, babu mai ita. Dole iyayen yaron suka sayar da akuya suka biya kuɗin allurai, domin ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, sai dai a yi ta'aziyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

Washegari matasa suka kashe karyar, hankali ya kwanta. Ba a yi wata shida ba sai ga wasu karnukan a kan jujin nan. Ai kuwa dole, domin karya takan haihu bayan wata biyu da ɗaukar ciki, ta zubo kwiyakwiyai biyar ko shida, wani lokaci sau biyu a shekara. Muddin juji na ciyarwa, sanda ba ta rage su.

Wasu ƙasashen sun nemi mafita ta hanyar doka. A 2001 Indiya ta kafa ƙa'idar kama karnukan titi, a yi musu aikin hana haihuwa da rigakafi, a mai da su inda aka ɗauko su. A 2008 birnin Los Anjalis na Amurka ya wajabta wa masu karnuka da kyanwoyi yi musu wannan aiki in sun wuce wata huɗu.

Da muka kawo zancen a majalisa, wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Malam, yanzu kare za a yi wa fiɗiya?" To, mai karatu, ina abin mamakin? Mu ne fa masu dandaƙe bunsuru ya zama taure, mu dandaƙe sa domin huɗa. Sai dai su muna ƙirga su, domin suna da kuɗi a kasuwa. Kare kuwa muna son gadinsa da farautarsa, amma ba mu son a ce namu ne.

A ganinmu nan gizo ke saƙar. Dokar hana haihuwa ba ta da wanda za ta kama in dabba ba ta da ubangida. Kafin a kai ga wuƙar likitan dabbobi, bari mai unguwa ya rubuta kowane kare da sunan mai ciyar da shi, a kai shi rigakafi duk shekara. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar takan yanke.

Yaronmu ya warke, har ya gama makaranta. Amma jiya da muka wuce jujin nan, mun ƙirga kwiyakwiyai bakwai suna wasa. Muka tambayi yaran wurin na wane ne, suka ce na unguwa ne. Allah Ya kyauta.