Mutum-mutumin farko ba sai ya yi tafiya ba

Duk matashin da ya fara sha'awar haɗa na'ura, abin da ke zuwa masa a rai shi ne 'yar mota mai taya huɗu da ke kauce wa bango. Intanet cike take da irinta. Sai dai a Kura da Bunkure, inda ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ke gangarowa da kansa ta kanal zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, akwai aikin da ya fi wannan cancantar kuɗin ɗan koyo: na'urar da za ta ji ƙishirwar ƙasa, ta ba ta ruwa, ta kuma san lokacin dainawa.

Mutum-mutumi ne kuwa, ko da ba shi da ƙafa. Abu uku ke tabbatar da sunan: ya ji, ya yanke shawara, ya aikata. Ƙwaƙwalwarsa allon Arduino ne, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Kunnensa ma'aunin danshi ne da ake cusawa a ƙasa. Hannunsa kuwa, ba sai an yi odarsa daga China ba. Ɗan famfon da ke fesa wa gilashin mota ruwa, mai aiki da volt 12, yana nan a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota.

A nan ne akasarin masu koyo ke ƙona allonsu na farko. Ƙafar Arduino ba ta jure fiye da miliamfiya 40, famfon kuwa yana jan ninkin-ba-ninkin wannan. Wanda ya haɗa su kai tsaye, ƙauri ne zai sanar da shi. Dole a sa rile a tsakani, wato makunnin da ƙaramar wuta ke buɗewa domin babba ta wuce, famfon kuma ya sha daga nasa batirin.

Ma'aunin ma yana da nasa sharri. Mai araha, mai yatsu biyu na ƙarfe, wutar da ke ratsa shi ce ke cinye shi, musamman a ƙasar da ta sha takin zamani. Ba a jimawa sai ya fara ƙarya. Wanda aka lulluɓe ƙarfensa ya ɗan fi tsada, amma ya fi daɗewa. Kowanne aka saya, lamba kawai yake bayarwa tsakanin 0 da 1023, ba ya cewa ƙasa ta bushe. Mai na'ura ne zai auna busasshiyar ƙasa, ya auna jiƙaƙƙiya, ya rubuta. Lambar jigawa daban take da ta laka, kuma a wannan gaɓar tsohon manomin da ke dunƙule ƙasa a tafinsa ya fi kowane bidiyo amfani.

Sannan a sa iyaka biyu, ta kunnawa da ta kashewa, da tazara a tsakaninsu. In iyakar ɗaya ce, famfo zai yi ta kunnuwa yana mutuwa har rile ya gaji.

Kada a yi gaggawar kai shi babbar gona. Injin ban ruwa mai fetur sai an ja igiya yake tashi, kuma rabon ruwan kanal yana hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da ƙungiyoyin manoma. Wurinsa shi ne fangalin renon iri, inda tsiron tumatir ko albasa ke jiran dashe. Yini guda na sakaci a cikin iskar hunturu kan ƙone shi, yawan ruwa kuma ya ruɓar da shi daga tushe. Manomin da iri ya mutu masa ya makara, wanda ya makara kuma sai ya tarar da Kwanar Gafan ta cika da kwanduna, farashi ya faɗi.

Durom ɗaya na ruwa, batirin babur, da tiyo mai huji sun isa gwajin farko. Allon kuma a saka shi cikin robar abinci mai murfi, a ajiye a inuwa, domin ƙura da raɓa sun fi kuskuren lissafi saurin kashe shi.