Sulaimaniyya, Garin Sarakunan Baban

Da hantsi muka shiga Sulaimaniyya, birnin Kurdawa da ke tsakanin duwatsun arewa maso gabashin Iraki. Ibrahim Fasha, sarkin gidan Baban, shi ya kafa shi a 1784. Masarautarsu tana tsakanin Turkawa da Farisawa, kowa na son ta zama tasa. In 'yan'uwa suka yi rigimar sarauta, ɗaya ya nufi gwamnan Turkawa a Bagadaza, ɗaya ya ƙetara Farisa ya dawo da mayaƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: a 1850 Turkawa suka rushe sarautar. Bayan mun yi azahar a Babban Masallaci, muka saurari Kurdancin 'yan kasuwa, harshen da mawaƙi Nali ya rubuta waƙoƙinsa da shi a zamanin Baban. Shi ne gādon da ya rage musu.