Haƙƙin Kurame A Kanmu

Ina so in jawo hankalin 'yan'uwa ga wasu bayin Allah da muke sahu ɗaya da su kowace Juma'a, amma su watse ba su san abin da liman ya faɗa ba, watau kurame.

A unguwarmu cikin birnin Kano akwai wani tela wanda annobar sanƙarau ta 1996 ta kurumtar da shi yana yaro. Idonsa ne ladaninsa, sai ya ga sahu ya sunkuya sannan ya yi ruku'u. Rannan ya tambaye ni da hannu yadda ake ƙabli da ba'adi, abin da tsararrakinsa suka sani tun suna makarantar allo. Wannan tambaya ta tsaya mini a rai.

To, kurumta suna ta tara. Mai sauran ji, na'urar kunne takan ƙara masa ƙarfin sauti, amma sai likita ya auna jinsa tukuna, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, domin wadda aka saya da ka tana iya ƙara ɓarna. Kuma tana cin batir, in ya ƙare talaka ya koma gidan jiya. Wanda jinsa ya tafi ƙurmus, akwai na'urar da ake dasawa ta hanyar tiyata, sai dai kuɗinta miliyoyi ne.

Saboda haka galibin kuramenmu maganar hannu ce harshensu. Sun gaje ta kaka da kakanni, ga kuma makarantar Tudun Maliki tana koyar da su tun 1977. Malaman Malikiyya ma sun tabbatar cewa isharar da ake fahimta tana tsayawa matsayin furuci ga wanda ba ya magana, a aure da saki da ciniki. In shari'a ta karɓi hannunsa, me zai hana mu isar masa da huɗuba ta hannu?

Ya ku attajirai, albashin tafinta guda a gefen mumbari, ko batir na shekara ga yaro guda, bai kai ribar yini ɗaya a Kantin Kwari ba. Ku kuma ma'aikata, ku tuna da su wajen kasafi da ɗaukar aiki. Iyaye, kunnen da ke zubar da mugunya a gaggauta kai shi asibiti.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.