Na Bi Yawa, Na Ɓata Jinin Da Aka Ba Ni Amana

Ƙwayoyin T suna cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma daga cikin aikinsu akwai gano ƙwayar jikin da cuta ta shiga ko wadda ta rikiɗe ta zama sankara, su kashe ta. A 1976 Doris Morgan da Francis Ruscetti da Robert Gallo suka gano sinadarin da daga baya aka sa wa suna IL-2, a Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka. Da shi aka samu damar renon waɗannan ƙwayoyi a cikin kwalba har tsawon makonni. Daga nan hanya ta buɗe. A 2012 aka yi wa Emily Whitehead, yarinya 'yar shekara 6 mai sankarar jini, magani a Filadelfiya da ƙwayoyinta na T da aka ciro, aka gyara, aka rena, aka mayar mata. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan magani mai suna Kymriah.

Wannan aiki na je koyo a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, kuma a can na tafka kuskuren da har yau ina jin nauyinsa.

Yadda ake aikin ba ɓoyayye ba ne. A karɓi jinin mai ba da gudummawa, a ware fararen ƙwayoyin, a zuba musu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye masu maganaɗisu da aka lulluɓe da sinadaran da ke taɓa alamomin CD3 da CD28 na jikin ƙwayoyin T, su farkar da su. Sai a sa su cikin ruwan reno a akwatin ɗumi, zafi digiri 37, iskar kabon kashi 5 cikin 100. In ka leƙa ta madubin ƙara girma bayan kwana biyu ko uku, za ka ga sun dunƙule cure-cure suna sheƙi. Ruwan da ka zuba ja-ja sai ya fara komawa ruwan ɗorawa, alamar suna ci suna hayayyafa, suna neman ƙari. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ya san daɗin da yake sa wa a rai.

Daɗin nan ne ya ja ni. Takardar aikinmu ta faɗi ranar da za a kwashe ƙwayoyin a daskarar da su, ta faɗi adadin IL-2 da za a zuba. Ranar ta zo, na ƙirga, na ga ba su kai yawan da nake so in nuna ba. Na ce a raina, mene ne a ciki in an ƙara musu 'yan kwanaki? Na bar su, na ƙara musu IL-2 fiye da ƙa'ida. Abin da ya fi muni, ban rubuta ko ɗaya a littafin aiki ba. Na san ba daidai ba ne, shi ya sa hannuna ya ƙi ɗaukar biro.

Yawa kam na same shi. Da muka haɗa su da ƙwayoyin sankara a faranti, zagayen farko sun yi kisa sosai, har aka yaba mini. A zagaye na biyu suka yi sanyi. A na uku sankara ta mamaye farantin, su kuwa ga su nan jingim, taron tsintsiya ba shara. Da aka sa su a na'urar tantance ƙwayoyi, sai ga alamomin PD-1 da TIM-3 sun hau, CD62L da CCR7 sun yi ƙasa. Ma'ana, ƙwayoyin sun tsufa sun gaji tun a kwalba, ƙuruciyar da za ta sa su daɗe a jikin majiyyaci ta riga ta ƙare a hannuna.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 2005 Luca Gattinoni da Nicholas Restifo suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin da suka gama balaga a kwalba, duk da zafin kisansu a faranti, ba sa taɓuka abin kirki in an mayar da su jiki. A 2018 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya suka nuna cewa waɗanda aka kwashe a kwana na 3 ko na 5 sun fi na kwana 9 ƙarfi a kan sankarar jini. Na karanta duk wannan kafin in taɓa kwalba. Son a ce na iya ne ya rufe mini ido.

Abokan aikina suka shiga neman dalili. Wani ya zargi ruwan reno, wata ta ɗauki samfuri don gwajin gurɓata. Ina kallo ana kashe kuɗi da lokaci a kan abin da ni kaɗai na san amsarsa. Daga ƙarshe na shiga ofishin shugabarmu na ce, "Farfesa, laifina ne, ni na canja ranar, kuma ban rubuta ba." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in da na rubuta, da sakamakon ya zama darasi ga kowa, amma yanzu ba ya da amfani ko kaɗan, don ba wanda zai iya tabbatar da abin da aka yi wa ƙwayoyin. Ta tuna mini cewa in da na majiyyaci ne, mutumin da magani mai guba ya riga ya raunana, mai yiwuwa ba za a sake samun ƙwayoyi masu kyau daga jikinsa ba.

An zubar da dukkan kwalaben, an soke sakamakon, aka dawo da aikin baya. Sai da aka nemi sabon jini daga wani mai ba da gudummawa, ni kuma aka dakatar da ni daga taɓa samfurin mutane ni kaɗai har na sake cin gwajin ƙwarewa. Hukuncin ya yi daidai, kuma ban nemi a sassauta mini ba.