Ƙaramar tocila

Ni malamin karatun manya ne a Cadakori. Da dare muke karatu, bayan an taso daga gona. Ran nan wata dattijuwa ta rubuta sunanta a allo, karo na farko. Ta ce: «Malam, ɗauki hoto in aika wa ɗana a Agadas.» Na ɗauka da waya, hoton ya fito baƙi ƙirin.

Sai na tafi kasuwar Maraɗi. Na zaɓi ƙaramar tocila mai shiga aljihu, mai farin haske, wadda rana ke cika ta. Na huta da sayen batir.

Ƴan uwa, kada ku haska allo gaba da gaba, zai yi ƙyalli. Ku haska daga gefe, ku riƙe waya kam.

Yanzu sunan Inna ya isa Agadas.