Dare Uku a Birnin Badun

Ibadan, ko kuwa Badun kamar yadda fataken goro suka saba kiranta tun zamanin da, gari ne mai wuyar sha'ani ga baƙo da rana. Wanda ya shigo da hantsi ba abin da zai tarar sai tuddai, da kwanon rufi mai tsatsa iyakar ganin ido, da ƙananan motocin haya ƙirar Micra suna ta kutsawa cikin jama'a. Sai rana ta faɗi, gari ya yi sanyi, sa'an nan mutum yake gane irin mutanen da ya zo zama da su.

Wani ma'aikaci mutumin Kano, wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ya sauka a garin da uwargidansa ran Jumma'a da la'asar, bayan sun ratso Kontagora da Mokwa, sun ƙetare gadar Jebba, sun wuce Ilorin da Ogbomosho. Shi dai aiki ya kawo shi, ba shi da zaɓi. Ita kuwa bisa sharaɗi ta biyo shi, watau in ta ga zaman ba zai yiwu ba ta koma Kano, ya riƙa zuwa in ya sami hutu. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Ba ta jin Yarbanci ko kalma guda, kuma ba ta manta da labarin rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 ba, inda aka yi hasarar rayuka da dukiya.

Gidan da suka kama a Mokola yake, ba nisa da Sabo. Don haka da suka idar da sallar lisha, maigidan ya ce su taka su nemi abin da za su sa a baka. Sabo unguwa ce da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, a zamanin da shanu ke gangarowa daga Arewa, goro kuma yana hawa daga Kurmi, Badun tana tsakiya tana cin moriyar duka biyun. Yau an fi sanin unguwar da 'yan canji, amma da dare masu tsire da balangu da masu shayi su ke da gari. Hayaƙin tukuba ya turnuƙe, rediyo na ta yi da Hausa, ana ta sallama ana amsawa. Nan uwargida ta saki jiki, har ta ce da a nan suka kama gida ai ba sai ta leƙa ko'ina ba.

Wani dattijo mai shayi, wanda a nan aka haife shi, kuma Yarbanci a bakinsa kamar Hausa, ya ji wannan magana ya yi murmushi. Ya nuna musu cewa yawancin masu sayen tsiren nan Yarbawa ne, daga wasu unguwanni suke tasowa musamman. Ya ƙara da cewa wanda ya maƙale a Sabo kaɗai, ko ya shekara ashirin, bai zo Badun ba tukuna.

Ran Asabar da rana suka hau hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are, wadda aka gina a 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Razdan na farko da Turawan Ingila suka ajiye a garin. Daga can sama suka hangi Mapo Hall na 1929, da Cocoa House mai hawa 26, wanda aka gama a 1965 da kuɗin manoman koko. Da magariba suka shiga wani gidan abinci aka zubo musu amala. Uwargida ta dubi baƙin tuwon nan ta ɓata rai, amma da ta ɗanɗana sai ta gane miyar da suke kira ewedu lalo ce, gbegiri kuma miyar wake. Ashe sunan ne kawai baƙo.

Abin da ya fi tsaya musu a rai ya faru ne a daren. Matar mai gidan da suke haya, wata Alhaja, ta aiko cewa ana bikin 'yar ƙanwarta, lalle baƙinta su zo. Asabar ita ce ranar biki a ƙasar Yarbawa. An kafa rumfuna, mata sun yi anko sun kafa ɗaurin kai, makaɗa na ta sakin kiɗan fuji, ana liƙi ba ƙaƙƙautawa. Gangar da suke kira gangan kuwa, in ba an faɗa wa mutum ba sai ya rantse kalangu ne. Fuji kansa daga waƙoƙin tashin sahur na watan azumi ya samo asali, kafin marigayi Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, ya fito da shi ya zama kiɗan biki. Alhaja ta kama hannun baƙuwarta ta zaunar da ita cikin dangi, ta riƙa gabatar da ita da ɗan guntun Hausar da ta koya a wajen masu goro. Ba su koma gida ba sai wajen sha ɗaya da rabi.

Lahadi gari yakan yi shiru da safe, don jama'a da yawa suna coci. Da yamma suka sha iska a lambun Agodi, da dare kuma suka ɗauki tasi suka zaga Bodija, inda gidajen rawa da mashaya suke cike da samari da 'yan mata. Ba su shiga ba, don ba irin wurinsu ba ne, ba kuma wanda ya tsare su da tambaya. A Badun ba wuya a sami Musulmi da Kirista a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka mutanen garin sun saba da kowa ya bi abin da ya karɓe shi.

Ba a ce dare uku sun isa a san birni mai girman wannan ba, ba a kuma ce baƙo ya sake da tafiyar dare ba. Hankali ya fi, a fita da wanda ya san gari, a dawo da wuri. Amma zama da mutane ba ya samuwa daga bayan ƙyaure. Kafin su kwanta ran Lahadin, uwargida ta shirya da Alhaja za su tafi kasuwar Bodija da safe, sa'an nan ta ce wa maigidan ya aika Kano a ɗoro mata keken ɗinkinta a mota.