Ido Kan Riga Hannu Tsufa

Mai riƙe bindiga idonsa ne ke fara gajiya tun hannu na da sauran ƙarfi. A aikin ɗan sanda na fara gane haka, na kuma ƙara ganewa bayan na yi ritaya na zauna a Mararaban Rido, inda da yawa cikin masu sintirin dare sa'o'ina ne.

Saitin ƙaramar bindiga abu uku yake nema a lokaci guda: tsagar da ke baya, ɗan tsinin da ke bakin bindiga, da abin da ake auna. An koya mana mu kafa ido a kan tsinin. Saurayi ba ya jin wuyar wannan, domin ɗan madubin da ke cikin ƙwayar idonsa yana da taushi, nan take yake komawa daga kusa zuwa nesa. Daga shekara 40 zuwa 45 sai taurinsa ya soma bayyana, shi ya sa za ka ga mutum yana nesanta takarda kafin ya karanta. Nisan tsinin fistol daga ido kuwa bai wuce tsawon hannu ba, kuma da an haye 50 nan ma gani yake fara dishi-dishi. A filin koyon harbi na riƙa ganin harsasaina sun warwatsu a allo alhali hannuna ba ya rawa. Da na sa tabarau na karatu sai tsinin ya fito tar, allon kuma ya dusashe.

A hannun wani abokin aiki da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya na fara leƙa madubin saiti mai jan ɗigo. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ne ya fito da irinsa mai aiki da batir a 1975, daga baya aka ƙanƙanta shi har ya hau kan fistol. Wata 'yar fitila ce ke jefa haske a kan gilashi, ido kuma yana ganin ɗigon tamkar a jikin abin da ake auna yake. Ke nan abu ɗaya za ka kalla maimakon uku, kuma ga mai shekaru wannan sauƙi ne babba. Yana da nasa cikas: batir na ƙarewa, ƙurar hunturu na rufe gilashin, wanda kuma baƙin idonsa bai daidaita ba yakan ga ɗigon ya watse kamar tauraro.

A ƙasar nan dai ba kayan kowa ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin bindigogin da ba a riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Abin da ke hannun mafarauta da 'yan banga a nan bai wuce harba-ka-ruga da tocila a goshi ba.

Ko da ma kowa ya samu madubin, ɗigon inda harsashi zai sauka kawai yake nunawa, ba ya faɗa maka wane ne a tsaye a wurin. Wannan shi ya fi damuna. Bayan sace ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist a watan Yulin 2021, sintiri ya ƙaru a yankinmu, dattawa suka fito domin su suka san daji. Amma idon dattijo da dare ba ya buɗewa kamar na yaro, hasken da ke shiga kaɗan ne. In akwai yana, hasken tocila ma watsewa yake yi ya kashe ido. Hawan jinin ido kuwa ba ya zafi, a hankali yake cinye ganin gefe har mutum bai sani ba. Wanda ke tahowa a duhun nan zai iya zama manomi da fartanya a kafaɗa, ko makiyayi, ko ma'aikacin matatar mai da dare ya yi masa.

Wani tsohon maharbi da na matsa wa a kan zancen ya ce mini, "Yallaɓai, ranar da na ce ba na gani, ranar yaran nan za su zaunar da ni." Na fahimce shi sarai, domin girmansa a unguwa a kan harbin nan ya tsaya. Na ce masa, "Baba, yana ana cire ta, mu je a duba." Muka tafi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Mando, aka yi masa aiki, ya dawo yana gane mutum daga nesa.

Tun daga nan nake roƙon shugabannin sintiri abu biyu. Duk wanda ya haura 45 a auna idonsa kowace shekara, har da awon hawan jinin ido. Da dare kuma a haɗa dattijo da saurayi: dattijo ya riƙe hanya da sawu da kunne, saurayi ya tantance fuska, kada yatsa ya taɓa kunama sai an yi kira an ji amsa.